Mukhtaru da Manhajar Baƙi Dubu Goma

Akwai wani benci a ƙofar wani shagon tsaraba a Hindawiyya, nan Makka, wanda na yi shekara biyu ko uku ina zama a kansa tsakanin la'asar da magariba. A shekarun nan ne da ake ta aikin faɗaɗa wurin ɗawafi. Kada a tambaye ni wacce daga ciki, domin yanzu shekaru suna shige mini cikin juna. Amma mai shagon, Mukhtaru, ban manta shi ba. Shi ba ya mantuwa, ko an so.

Na ce mai shagon, alhali shagon na yayarsa ne, Hajiya Ummulkhairi. Kakanninsu mutanen Kano ne da suka zo aikin hajji suka zauna, su kuma a nan aka haife su. Da mahaifinsu ya rasu, Mukhtaru ya sayar mata da rabonsa, ya zuba kuɗin a kiwon tantabaru. Tantabarun suka ci hatsinsa suka ƙoshi, suka tashi suka koma wajen 'yan uwansu na Harami. Daga nan ya ƙare a tashar Kudai yana loda jakunkunan alhazai a bas. Yayarsa ta ji tausayinsa, ta ba shi makullin shagon, ta ce masa a gaban mutane:

"Ka ji ni da kyau. In alhazan bana suka zo suka tafi shagon nan bai farfaɗo ba, zan karɓi makullina in ba da haya. Kai kuma Kudai tana nan inda ka bar ta."

"Yaya, ai kin ba da makulli ga mai ƙwaƙwalwa," in ji shi. "Ki sa ido kawai."

Dabararsa ita ce ya buɗe wa shagon shafi a intanet. Maniyyaci yana zaune a Kano ko Maraɗi zai ga jallabiya da dadduma da carbi da turare da dabino, ya zaɓi tsarabarsa tun bai taso ba, in ya iso ya tarar an ɗaure masa. In za a faɗi gaskiya, dabarar ba ta da laifi. Laifinta ɗaya, a hannun Mukhtaru ta faɗo.

Ya kira wani Bangali masanin kwamfuta ya haɗa masa shafin. Yadda aka fahimtar da ni, shafi yana bukatar kwamfutar da zai zauna a ciki, da kuma wata manhaja mai aikin mai gadi, duk wanda ya ƙwanƙwasa daga ko'ina a duniya ta buɗe masa ta miƙa masa hotuna da farashi. Ita ce suke kira sirfar. Akwai ta kyauta, akwai ta kuɗi. Bangalin ya ce a kama wa shafin wuri a kwamfutar wani kamfani, a riƙa biyan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

"Haya?" in ji Mukhtaru. "Ni haifaffen Makka in yi wa shafina haya a gidan wani? Ga kwamfuta nan a ƙarƙashin tebur. A nan zai zauna, gidan kansa."

Bangalin ya yi ta bayani yana nuna wayoyi, Mukhtaru kuwa yana kan waya yana shaida wa wani cewa ya zama kamfani. Mutumin ya sa masa ta kyauta, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Bayan wata guda muka ji ya koma ƙasarsu.

To, ga wani abu da ya kamata in faɗa tun yanzu, ko da yake mu ma sai daga baya muka gane. A Makka ta lokacin, da an kira sallah kowane shago zai sauke ƙofa. Shi kuma wannan shago yana da wata doka ta daban. Tun zamanin mahaifinsu an taɓa barin dutsen guga a kunne aka tafi masallaci, jallabiyoyi suka kama da wuta. Daga ranar tsohon ya kafa doka, duk wanda zai rufe shagon sai ya sauke babban makunnin wuta da ke bayan ƙofa. Mukhtaru ya tashi da wannan tun yana yaro, hannunsa na yi ba tare da ya shawarci kansa ba. Azahar ƙas, har zuwa bayan la'asar tunda akwai barcin rana. Magariba ƙas. Isha'i ƙas. In an tashi da dare ƙas, sai hantsi. In ya dawo ya ɗaga makunni, ya danna kwamfuta, shafi ya fito yana sheƙi. Wayarsa kuma da intanet ɗin shagon take aiki, don ba ya sayen nasa. Saboda haka tunda aka yi shafin nan, Mukhtaru bai taɓa ganinsa a mace ba.

Mutumin da ya fara kuka shi ne Alhaji Sabo, wani ejan na alhazai a Kano, ɗan uwan mijin Hajiya. Yana da maniyyata masu yawa, kuma ya yi alkawarin duk tsarabarsu a nan za a saya. Ina zaune ya bugo.

"Mukhtaru, wannan shafin naka yana raye kuwa? Jiya bayan na ci tuwon dare na buɗe, fari fat."

"Ga shi nan a gabana yana aiki, Alhaji. Wallahi har dabinon kamar ka miƙa hannu ka ɗauka."

"Shekaranjiya ma da rana na gwada, bai buɗe ba."

"Alhaji, ku da wuta ke zuwar muku kamar baƙo, ta kwana ɗaya ta tafi? Ku gyara naku. Mu nan wuta ba ta ƙiftawa."

Yana gama faɗin haka aka kira magariba, ya miƙa hannu bayan ƙofa, ƙas, muka tafi masallaci.

Koke ya yi yawa. Wata mata daga Zariya ta bugo, wani daga Damagaram ya aiko saƙo. Ana cikin haka Mukhtaru ya ci karo da tallar wata manhajar sirfar ta kuɗi. Sunanta ya ɓace mini, wani suna ne mai kama da na maganin sauro. Tallar ta ce ta fi ta kyauta sauri ninkin ba ninki, kuma tana karɓar baƙi dubu goma a lokaci guda ba ta gaji ba. Ya fito ƙofar shago yana tafa hannu.

"Na gano! Cunkoso ne! Jama'a ce ta yi wa shafin yawa, mai gadin kyauta ya kasa!"

Maƙwabcinsa na dama, Abdulwadud mai gyaran waya, mutum ne da bakinsa ya fi hannunsa kaifi. Shi ya laƙaba wa Mukhtaru sunan Muhandis, wato injiniya, Mukhtaru kuma ya karɓa da hannu biyu, bai san zagi ba ne.

"Ya Muhandis, mutum nawa ke shiga shafin nan a rana?"

"Ba sa ƙirguwa."

"Ai akwai inda ake gani. Buɗe mu duba."

Aka buɗe. Goma sha ɗaya.

"A ciki sau nawa kai ne?"

"Wannan ba huruminka ba ne."

"To mu ce takwas. Saura uku. Ya akhi, ɗan'uwana, mutum uku ne cunkoso? Ta kyautar nan da kake rainawa, manyan kamfanoni da ita suke aiki. Ta kuɗi tana da ranarta, in baƙinka sun kai su tumurmushe ƙofa. Kai ko akuya aka ɗaure a ƙofar shafinka za ta iya da su."

"Sauran dubban ai sun zo ne suka kasa shiga, shi ya sa ba a ƙirga su ba! Kai ka taɓa buɗe shi ma?"

"Ni? Ina ganin dabinon da idona ƙudaje na binsa, me zan yi da hotonsa?"

Mukhtaru ya juyo wurina. "Malam, kai ka zaga duniya. Ka taɓa ganin abin kyauta mai albarka?"

Na ce masa iska kyauta ce, Zamzam ma haka. Ya ce shi maganar na'ura yake yi, ba wa'azi ya nema ba.

Kamfanin yana ba da gwajin 'yan kwanaki kafin a biya. Mukhtaru ya ce ba ya bukatar kowa, da kansa zai sa. Ya wuni yana danne-danne, duk abin da aka tambaye shi ya ce e. Da yamma ya fito ya yi shela a layi cewa kowa ya buɗe ya ga sauri. Idrisu mai wanki da guga, maƙwabcinsa na hagu, shi ya fara buɗewa. Babu jallabiya, babu carbi. Abin da ya fito jerin duk wani abu ne da ke cikin kwamfutar, an baje shi a fili. Idrisu ya danna na farko, sai ga Mukhtaru da baƙin tabarau ya jingina da wata farar mota.

"Kai, wannan ba motar likitan bayan layi ba ce?"

Ya danna na biyu, ga Mukhtaru a kan kujerar wani ofis ya kara wayar tebur a kunne, igiyarta na lilo ba a jone ba. Na uku ya sa alkyabba mai ruwan zinare wadda Idrisu ya rantse an kawo masa ita wanki ne, ya neme ta kwana biyu bai gani ba. Kafin a yi isha'i hotunan sun zaga Hindawiyya sun kai Rusaifa. Da ƙyar Abdulwadud ya yarda ya gyara masa, bayan ya tura wa kansa duka.

"Ka dai ga saurin da suka riƙa buɗewa," in ji Mukhtaru. "Ta kyauta za ta iya wannan?"

Gwaji ya ci gaba, Alhaji Sabo ya ci gaba da kuka. Sai Mukhtaru ya ce zafi ne, kwamfuta ba ta saba da ranar Hijaz ba. Ya sayo ƙanƙara ya zuba a faranti, ya ɗora a kan kantar kaya, ya saita fanka ta riƙa hura sanyin wajen kwamfuta. Ƙanƙara ta narke, ruwa ya bi ta kan fararen jallabiyoyi ya haɗu da jan kwalin da suke ciki, suka fito kalar zoɓo. Ya rubuta a shafi cewa sabon yayi ne.

Da wannan bai yi ba, ya ce baki ne. Tun ranar da hotuna suka fita idon mutane ke kansa. Ya zo wurina in yi wa kwamfuta tofi. Na ce masa ni ban taɓa karanta babin a littafi ba. Ya ce to shi zai yi nasa. Ya cika kasko da garwashi, ya zuba turaren wuta kamar na ɗakin amare uku, ya tura ƙarƙashin tebur, ya ja ƙofa don hayaƙin ya ratsa. Fankar kwamfuta ta zuƙi hayaƙi ta fara gurnani. Hayaƙi ya bi ta saman ƙofa ya fito titi. Idrisu ya yi ihu, "Harika! Gobara!" ya taho da bokitin ruwan sabulu. Allah ya sa Mukhtaru ne ya tare ƙofa, shi ruwan ya samu daga kai har ƙafa.

"Ka ga, ya tafi da bakin," in ji Abdulwadud. "Saura sitati."

Wannan tsoron gobara ya shige shi sosai. Daga ranar, ko shayi zai tsallaka ya sayo sai ya sauke makunni. Ko bayi zai zaga, ƙas. Alhaji Sabo ya bugo ya ce a da shafin yana mutuwa ne da lokaci, yanzu kuma farfaɗiya yake yi.

"Alhamdu lillahi," in ji Mukhtaru bayan ya ajiye waya. "Jama'a ta ƙaru. Ta gwajin ma ta kasa. Babbar ake bukata."

Lasisin hawa uku ne, ƙarami da matsakaici da babba. Ba sai na faɗi wanda ya zaɓa ba. Matsalar ita ce kuɗin. Hajiya ta ware wani abu don sayo kayan hajjin bana daga Jidda, shi Mukhtaru ya ɗora wa ido. Ta zo shagon da kanta, aka sa mata kujera a bakin ƙofa.

"Kana nufin in ɗauki kuɗin kaya in sayi abin da ba a gani?"

"Yaya, rediyo ma ba a ganin maganar da ke cikinsa."

"Abdulwadud ya ce ta kyauta ta isa."

"Abdulwadud ɗan gyaran gilashin waya ne. Ni ina maganar mutum dubu goma. Ki ɗauka kowane ɗaya ya sayi carbi guda kawai. Guda fa."

"In na biya, da me za ka cika kanta?"

"Da kuɗinsu. Su za su fara biya, sannan mu sayo. Haka manya ke yi."

Ta kalle shi. Ni na san ba dabarar ce ta ja ta ba. Ƙaninta ne, ita ta goya shi, kuma ba ta son ganinsa a Kudai da jakar wani a kafaɗa. Ta ce, "Tayyib, na yarda. Amma ina so in gani da idona, Alhaji Sabo yana kan waya, ya sayi kaya ina ji. In ba haka ba, ba sai mun jira alhazai sun tafi ba."

Aka biya kuɗin shekara guda, ba a mayarwa. Mukhtaru ya buga takardar lasisin ya sa a gilashi ya rataye inda hoton Ka'aba yake a da, ya matsar da hoton gefe. Ya sa ranar buɗewa, bayan la'asar. Ya yi hayar kujeru, ya sayo gahawa da dabino na gaske, ba na shagon ba. Ya gayyaci dattawan unguwa da limamin ƙaramin masallacinmu da wasu ɗalibai 'yan Najeriya. Ya ari alkyabbar nan a wurin Idrisu, wannan karon da izini.

Da an fara da wuri da wataƙila ya tsira a ranar. Amma sai da ya yi jawabi. Ya fara daga yadda aka ƙirƙiro kwamfuta, ya bi ta kan tantabaru da hassadar da aka yi musu, ya sauka kan masu raina ilimi, yana hararar Abdulwadud. Gahawa ta huce. Wani dattijo ya yi barci. Rana ta yi ja kafin ya ce kowa ya ciro wayarsa.

Shafi ya buɗe a hannun kowa. Hajiya ta kira Alhaji Sabo ta sa murya a fili.

"Ya buɗe!" in ji Sabo daga Kano. "Wallahi yau ya buɗe! Hajiya, ga dadduma, ga carbi. Bari in fara. Dadduma ɗari biyu, jallabiya ta maza ɗari da hamsin, amma ban da mai kalar zoɓon nan..."

Mukhtaru ya buɗe hannuwa yana juyawa a hankali don kowa ya gan shi. "Abdulwadud, ina akuyar taka?"

Abdulwadud ya sake duba wayarsa. Na ga fuskarsa ta ɗan sauya.

Sai ladan ya ɗaga murya. Liman ya miƙe, dattawa suka miƙe, aka fara jan kujeru. "Yalla, maza, sallah, sallah," in ji Mukhtaru yana kora mutane waje kamar kullum. Yana cikin amsa gaisuwar wani, bai ko waiwaya ba, hannunsa ya tafi bayan ƙofa.

Ƙas.

"Ya mutu!" Muryar Sabo ta cika layin. "Ina tsakiyar biya! Ya sake mutuwa!"

Mutum kusan talatin a tsaye a bakin titi, kowa da waya a hannu, kowa ya danna, kowa ya ga fari. Idanu suka tashi daga wayoyi suka bi hannun Mukhtaru, wanda har yanzu yana kan makunni.

"Cunkoso ne," in ji shi. "Kun shiga gaba ɗaya..."

"Ɗaga," in ji Hajiya.

"Yaya, an kira sallah."

"Ba a tayar ba. Ɗaga, ka kunna abin."

Ya ɗaga. Ya durƙusa da alkyabba ya danna kwamfuta. Muka tsaya muna jin gurnaninta. Liman ma bai tafi ba.

"Ya dawo!" in ji Sabo.

"Sauke."

Ƙas.

"Ya mutu! Wai me kuke yi ne a can?"

Idrisu ne ya fara dariya. Ya zauna a kan dakali ya riƙe ciki. Dattijon da ya yi barci ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa, ya ce a sake ya gani. Abdulwadud ya share hawaye da gefen rawaninsa ya ce, "Ya Muhandis, ashe kai ne kamfanin wutar Kano. Wata nawa kana zagin bayin Allah."

"Tun farko haka kake yi?" in ji Hajiya. Muryarta ba ta tashi ba. "Kowace sallah? Kowane dare?"

"Dokar Baba ce, Yaya. Ko in karya dokar Baba?"

"Baba ya ce ka sayi mai gadi da kuɗin kayana, ka riƙa kashe shi sau biyar a rana?"

Mukhtaru ya gyara alkyabba. Na rantse na ɗauka zai ba da haƙuri. Sai ya juya wurin liman.

"Ya Shaikh, ka yi mana hukunci. A duk duniya akwai wani shafi da ke rufewa in an kira sallah, in ba nawa ba? Na wasu ana sallah suna ciniki. Nawa ne kaɗai mai tsoron Allah. Wannan abin yabo ne ko abin dariya?"

Liman ya sa gefen mayafinsa a fuska, ya nufi masallaci kafaɗunsa na rawa.

"Hajiya," in ji Sabo, "ni dai zan sayi kayana a Madina. A gaida Muhandis."

Ta kashe wayar, ta miƙa tafin hannu. Mukhtaru ya dubi hannun, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, bai sami inda zai ajiye ido ba. Ya laluba aljihu ya sa mata makullin.

"Kwamfutar fa?" in ji shi. "Akwai lasisin shekara a ciki."

"In an idar ka zo ka ɗauki abinka. Da takardar gilashin. Ka mayar da hoton Ka'aba inda yake."

Bayan sallah muka dawo muka tarar tana nan a kujerarta. Idrisu ya karɓe alkyabbarsa tun a ƙofar masallaci. Mukhtaru ya shiga ya kwance wayoyi, ya saɓa kwamfutar a kafaɗa, ya maƙale takardar a hammata. Gaskiya ɗaukar ta yi kyau, ka san hannun ya saba. Ya bi layi ya nufi inda ake hawa motar Kudai. Titi ya cika da masu fitowa daga masallaci, wani Bayamane da kwandon burodi ya tare masa hanya.

"Ɗarik, ɗarik, a ba da hanya!" muka ji yana cewa. "Mutum dubu goma nake ɗauke da su!"